Baba Ya Hana a Taɓa Ƙafarsa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hadiza daga Tsamaye.

Innarmu ta rasu bayan girbin gero. Ita ke jiƙa ma Baba ƙafa a ruwan ɗumi, ta goge kaushin da dutse, ta shafa man kaɗe. Yanzu faso ya tsaga mashi dunduniya har jini, masallaci ma da ƙyar yake zuwa. Da na kawo ruwa da dutsen, sai ya janye ƙafa ya ce, "Ɗiyata, mayar. Da hannunta na saba." Ya juya yana share hawaye.

Masu sauraro, don Allah yaya za ni yi ya yarda? Na rasa uwa, ina tsoron ƙafar nan ta kwantar mani da uba.