Shida da Rabi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa. Allah ya gafarta Malam Liman. Shugaban ƙungiyar kanikawan Jakara da 'yan kwamitinsa, Hajiya 'Yardada mai ɗakin marigayi, Muttaka ɗan marigayi da ƙannensa, jama'a maza da mata, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya.

Sunana Mero, daga Mandawari. Maigidana aka gayyata, to ƙafarsa ta sake kumbura, kwana tara ke nan bai fita masallaci ba. Gwaggo tana fama da ido. 'Yata Kausar lafiyarta ƙalau. Ɗana na fari, mai jar motar nan, wanda ba na kama sunansa, shi ma lafiyarsa ƙalau, ga shi can a baya. Ni ce dai hankalina ba a kwance yake ba. Da hannuna na rubuta wannan takarda, in na yi tuntuɓe ku yi haƙuri, sai da na haura shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Yau kwana arba'in da rasuwar Malam Ɗantani. Ya kasance bakanike a bakin Jakara fiye da shekara talatin. Ya kasance in an kawo masa mota, sai ya sa a tayar da ita, ya tsaya ya saurara, kafin ya taɓa sifana. Ya kasance duk wata yana duba motar ɗaukar gawa ta unguwarmu ba tare da mun roƙe shi ba. Ita ce ta kai shi makwancinsa, ba ta ƙi tashi ba.

Ni abu ɗaya na sani game da shi sosai, shi zan faɗa.

Shekara uku da suka wuce yaron nan nawa ya sayi mota, ya shiga cikin masu wasa da ita a wurin biki, suna juyi ƙura na tashi. Na tafi gareji daga aji, littafina a hannu, na tarar da motar a can, na ce, "Malam, ka ɗaure min motar nan kada ta wuce ɗari."

Ya ce, "Malama Mero, ashe karatun har ya kai ɗari?"

Na ce, "Ya wuce."

"To zo ki biya min wannan."

Ya zaunar da ni a kujerar direba. Ashe agogo biyu ne a gabana. Ni kullum na dama nake kallo, mai manyan lambobi. Ya nuna na hagu, daga ɗaya zuwa takwas. Na ce wannan ai ko ɗan aji ɗaya ya karanta. Ya ce, "Shi ne mai ɓarnar. Wancan gudun mota yake nunawa, wannan juyin inji. Kowace lamba dubu ce. In allura ta hau shida, injin yana juyawa sau dubu shida a minti ɗaya."

Ya ɗauko wata sandar ƙarfe, ya ce sunanta konrod, ita ke kai fistin, wato ƙarfen da ke bugawa a cikin inji, sama tana dawo da shi. "Kusoshi biyu kaɗai ke riƙe da kowace, ba su kai yatsanki kauri ba. Waɗanda ke cikin motar ɗanki na kamfani ne, an yi su don a je Zariya a dawo. In juyi ya ninka biyu, jan da ake yi musu ya ninka huɗu. Ba sa ƙara, ba sa hayaƙi. Miƙewa suke yi kaɗan-kaɗan, ranar da suka gaji su tsinke, sandar ta fasa inji ta fito, baƙin mai ya zubo kan ƙarfe mai zafi. Mai wasan mota gudunsa bai fi talatin ba, amma allurar nan tana bakwai, ga jama'a sun kewaye shi."

A ranar ya shiga kwamfutar motar ya kafa iyaka a shida da rabi. Ya ce lambar ta wannan injin ce, kowane da tasa. Ya aika gidanmu a karɓo jan farcen Kausar, ya ja layi a kan gilashin agogon, wai don Malama ta riƙa duba aikin gida.

Yaron ya yi ta ƙorafi. "Baba, abokaina suna kai takwas!"

"Abokanka su kawo kusoshinsu in gaishe su. Ka sa masu ƙarfi, in auna da hannuna, sai mu yi magana. Kafin nan, ko ubanka ne ya zo, shida da rabi."

Samari suka laƙaba masa Baba Shida-da-Rabi. Ya kasance in sun kira shi haka yana amsawa. Ya kasance ya gwammace mai mota ya yi fushi ya tafi wani gareji, da ya sa hannu ya cire iyakar. Mu iyaye mata ba mu san sunan ƙarfe ba, amma mun san 'ya'yanmu suna dawowa gida.

Hajiya 'Yardada, kin sha jin ana ce wa mijinki mai taurin kai. Taurin kan nan mu muka ci amfaninsa. Allah ya ba ki haƙuri.

Muttaka, ɗana, gareji yanzu a hannunka yake. Ran Litinin yaron nan nawa ya zo maka ya ce ka ɗaga iyakar, saboda ran Asabar akwai bikin abokinsa. Ka ce masa za ka duba. Labari ya iso ni. Na san da nauyi ka ce wa abokin tasowarka a'a, shi ya sa na kawo maganar gaban Liman da Mai Unguwa, su ɗauke maka rabin nauyin.

Ga wannan. Mahaifinka ne ya ba ni, kusa ce daga wani injin da ya fashe. Kalli tsakiyarta yadda ta sirance. Shekara uku tana cikin jakata. Karɓi. Ko ka bar lambar inda ya bar ta, ko ka canza kusoshin ka auna yadda yake aunawa. Ka dawo min da ita da amsarka kafin sallar Juma'a, don Allah. In ba ka sami zuwa ba ka rubuto, zan iya karantawa.

Kai kuma, Ikrima. Ka ji na kama sunanka a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba shekara ashirin da bakwai. Layin nan ya fara gogewa, na gani. Na sayo sabon jan farce.

Na gode wa ƙungiya da ta ba mace irina wannan dama. Allah ya jiƙan Malam Ɗantani, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya albarkaci abin da ya bari, ya tsare mana 'ya'yanmu a hanya da wurin biki. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.