Kada Mussoshinmu Su Mutu A Ɗaka

Allah ya ja zamanin Uban Ƙasa, Allah ya ƙara maka imani da nasara. Allah ya gafarta Malam Liman da malaman da ke tare da shi. Hakimanmu na Kajiji da Mandera, baƙinmu da suka taso daga Bodinga, dattawa, manoma 'yan'uwana, da iyayenmu mata da ke saurare ta bayan darni, assalamu alaikum.

Ni ne Na'Allah, manomin albasa daga Mandera. Na gode da aka ba ni izinin tsayawa gaban manya a nan Shagari, kan maganar da wani zai ga kamar wasa ce, alhali ni tsoro ne ya kawo ni.

Kun ji abin da Baturen dabbobi ya faɗa ta bakin tafinta: haukan kare ya shigo ƙasarmu, an watsa nama mai guba a juji da bakin kasuwa, kowa ya rufe mussarsa a ɗaka har sai an ba da sanarwa. Mun ji, mun bi. Amma jama'a, rufe ƙofa kaɗai ba ya tsare mussa.

Ƙanwata Kaltume ta rufe tata. Ta ba ta nono, ta ba ta tuwo, ba ta rage ta da komai ba. Dabbar da ta saba hawan katanga da farautar kusu sai ta wayi gari ba abin bi, ba abin kamawa. Ta yi kuka, ta yagi ƙyaure, ta daina cin abinci, daga ƙarshe ta huda jinka ta fice. A juji aka tsinto gawarta. Kafin Kaltume ta farga, kusa, wato ɓeraye, sun shiga rumbu sun cinye geron da ta ajiye na iri. Ta zo mini tana hawaye, ta ce, "Yaya, in ruwa ya sauka, me zan shuka?"

Na je wurin maƙwabciyarmu Inna Shatu, wadda tata mussar ke ɗaka lafiya ƙalau. Na tarar da ita ta ɗaura gashin zabuwa a zare tana ja a ƙasa, mussa na laɓewa tana daka tsalle. Na ce, "Inna, da girmanki?" Ta ce, "Ɗana, in ban gajiyar da ita ba, juji zai kashe mini ita."

Don haka ina roƙonku. Na farko, ku yi wasa da mussoshinku safe da yamma, har su yi haki su kwanta da kansu. Na biyu, kuma shi ne wanda Inna ta fi ja mini kunne a kai, kada ku bar musu abin wasa guda. Mussa na ƙosawa. Yau gashin zabuwa, gobe ku ɓoye shi ku mirgina mata ƙwallon goriba, jibi busasshen ɓawon albasa mai ƙaras-ƙaras. In kun dawo da gashin, sai ta tarbe shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ku kuma kafa mata turmi ko kututture ta hau ta wasa farce.

Malamai, littattafanku na cikin gafaka, kusu bai san darajarsu ba. Manoma, damina ta ƙarato, kuma ba wanda ya san ranar da za a kwashe gubar nan. In mussoshinmu suka ƙare, wa zai tsare mana iri?

Allah ya kawar mana da wannan annoba, ya tsare rumbunanmu da dabbobinmu, ya mayar wa Kaltume da mafi alheri, ya kai kowa gidansa lafiya. Na gode.