Harba-ka-ruga da Kwanon Saratu

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda yake sanin inda bawansa ya faɗi ko da babu mahalukin da ya gani.

Kun saba ganina ina ɗingishi in zan hau nan karanta sanarwa. Yaran makarantar Lahadi sun yanke cewa yaƙin basasa na je. Ban je ba. Yau zan faɗi gaskiya, ko da za ta rage mini daraja a wurinsu.

A shekarun da aka buɗe makarantun firamare a kowane lungu, aka ɗauke ni daga Malumfashi aka kai ni koyarwa wani ƙauye bayan Dandume, ni da mai ɗakina Saratu da 'ya'yanmu biyu. Aka ba mu gida a ƙarshen gari, daga mu sai gonaki. Mu kaɗai ne masu bi a wurin. Ran Lahadi ni ne mai wa'azi, Saratu ce ƙungiyar mawaƙa, yara su ne ikilisiya, kuma rabin ikilisiyar barci take yi.

Mutanen garin ba su taɓa zaginmu ba. "Sannu Malam, ina gajiya?" Shi ke nan, a tsaye, daga nesa. Ba wanda ya taɓa yin sallama a ƙofarmu. Saratu ta yi abin da uwarta ta koya mata, ta tuƙa tuwo ta aika gidan maƙwabcinmu Malam Sule. Kwanon ya dawo a wanke tas, ko ƙwayar gero babu a ciki. Ku mata kun san ma'anar kwano ya dawo wayam. Ta sake aikawa, ya sake dawowa haka. Ran nan ta hango tuwonta a gaban kajinsu. Sai ta kife kwanon a bayan ɗaki.

Wata takwas muna haka. Ta daina waƙa in tana daka. Wata safiya ta ce, "Malam, in an gama girbi zan tafi da yara Malumfashi. Na gaji da jin muryata ni kaɗai." Na yi mata doguwar lacca a kan haƙuri, wadda ni kaina ban gamsu da ita ba.

Sai ga mugun dawa, wato aladen daji, ya shiga fadama yana tone wa mutane rogo da dankali. Wata la'asar na ji sallama. Sallama a ƙofata! Malam Sule ne da dattawa biyu. Na shimfiɗa tabarmar da muka saya domin baƙi, wadda har ranar ba a taɓa warware ta ba.

Malam Sule ya ce, "Malam, dabbar nan ta gama da mu. Mu ko mun kashe, taɓa ta ba ma yi. Ku kuwa tunda kuna ci, ai kun san kanta."

'Yan'uwa, a nan ya kamata in faɗi gaskiya. Ban taɓa cin naman nan ba, a gidanmu ma ba a ci. Bindiga kuwa sai a hoton littafi. Amma na dubi mutum uku zaune a tabarmata, na ji tsoron in na ce a'a ba za su ƙara dawowa ba. Sai na ce, "Ai ƙaramin aiki ne." Ƙarya na yi, ban kuma tambayi Ubangiji ba.

Da suka fita Saratu ta ce, "Malam, kai da alli kaɗai ka iya jifa da shi, shi ma ba kullum kake samun yaron ba?" Na ce mata wannan sha'anin maza ne.

Washegari Malam Sule ya kawo bindigar marigayi mahaifinsa, ya ɗura mata albarushi da kansa, ya ce, "Harba-ka-ruga ce fa, Malam." Na yi murmushi. A matsayina na mai koyar da Hausa, har na yaba wa kalmar a raina, na ce zan ba 'yan aji shida ita misalin haɗaɗɗen suna. Ban lura ba ashe ba suna yake gaya mini ba, umarni ne.

Da hantsi na ga dabbar a bakin rogo, ta durƙusa tana tono. Na auna, na harba. Hayaƙi ya turnuƙe. Maimakon in ruga, sai na tsaya in ga sakamako, kamar mai duba jarrabawa. Sakamakon ya fito daga cikin hayaƙin a guje. Ya sa haure ya tsarge mini cinya, ya watsa ni cikin wani kwari, ya yi gaba abinsa.

Na kwanta a nan daga hantsi har rana ta karkata. Na yi kira, ba amsa. Jini yana zuba, ƙudaje sun taru, can sama ungulu ta fara zagayawa. Na ce, to, ga baƙuwar da ba ta tambayar abin da ake ci a gidanka.

A kwarin nan na gane abu guda. Wata takwas ina kai ƙarar kaɗaici, a wasiƙu zuwa ga abokai, a zuciyata, a fuskar matata, amma ban taɓa durƙusawa na kai ta wurin Yesu ba. Na yi kuka na ce, "Ya Ubangiji, ba alade na fito nema ba, mutane na fito nema, kuma da ƙarya na neme su. Ka gafarta mini. In zan mutu, kada ka bar Saratu ita kaɗai a garin nan!"

Ya ji! Saratu da ta ga azahar ta wuce, ta yafa mayafi ta shiga gidan Malam Sule, gidan da ba a taɓa gayyatarta ba, ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Kun aiki mijina, ku je ku kawo mini shi." Suka bi sawu suka same ni, suka ɗauko ni a kan ƙyaure.

A bayan motar auduga, kan hanyar asibiti a Funtua, na ce, "Malam Sule, ban taɓa riƙe bindiga ba."

Ya ce, "Wannan kam mun gani."

Na ce, "Naman ma ban taɓa ci ba."

Ya zuba mini ido. "To me iyalinka take dafawa a tukunyar nan?"

"Kuka da daddawa, kamar ta kowa."

Sai da muka wuce ƙauye biyu, sannan ya ce, "Ashe kajina sun fi ni rabo."

Na yi makonni a asibiti ina kallon rufi. Da na dawo an riga an gama girbi, Saratu kuwa tana nan. Ba ta yi mini dogon bayani ba. Ta ɗauko kwanon nan ta buɗe a gabana: fura ce cike, daga gidan Malam Sule. Ita ta aika da tuwo, kwanon ya dawo da nauyinsa.

Ba zan ce komai ya canja ba. Har muka bar garin, mu huɗu ne a sujada. Mugun dawa ma ba a kama shi ba, ina jin tsufa ne ya kashe shi. Amma tabarmar baƙi sai da ta tsufa ta yage.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana zaune inda ba mai yi maka sallama, kada ka sayi mutane da ƙarya kamar yadda na yi. Ka kai kukanka wurin Yesu tun kana kan ƙafafunka biyu, kada ka jira kwari. Na gode masa da ya bar mini ƙafa ɗaya da rabi, da mata, da maƙwabci. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.