Angon Yaya Sani

Salamu alaikum Malam, sannu da aiki. Ni ne Umaru mahauci daga Ƙofar Dundaye.

Da kuɗin mai sunka shigo, maƙwabtanmu sunka sayo garken shanun Turai, zafin bazara ya ƙarar da su. Yayana Sani kuwa bajimin Turai guda ya sayo, ya ɗaure shi a inuwa yana barbarar bokolojinmu, shanunmu na gida. Na ce, "Yaya, ango ka aje?" Ya ce, "Nama daga uba, jure rana daga uwa."

Jiya na yanka ɗan farin bajimin. Wallahi mu biyu munka ɗaga cinya guda.

Yanzu karsanan da bajimin ya haifa sun isa barbara. Malam, a tambayar min masana, a kai su ga bokoloji ko wani Baturen?

A gaishe min da Yaya. Gobe ni zan yi wa angon fifita.