Kanta a Hannu Ɗaya

A tashar bas ta Jarwal a Makka, Baba Yari mai tura keken alhazai ya gaisa da wani saurayi, sai ya ƙi sakin hannunsa.

"Yaro, wannan kantar ta wace sana'a ce?"

"Wasan tanis, Baba, ƙananan gasa. Umra na zo, in roƙi zaɓin Allah, ko in ci gaba da wasan ko in bari. Har yanzu ni ne na ɗari takwas a duniya."

"A duniya kaf? Ni da na tsufa ina tura manya tsakanin Safa da Marwa, ban taɓa kifar da kowa ba, wa ya ƙirga ni?" Ya buɗe tafukansa biyu, duk sun yi kanta. "Duba. Kai hannu ɗaya kawai ya yi maka kanta. Da sauranka."

Saurayin ya dubi hannunsa na hagu, ya yi dariya. "To, Baba, na koma fili."