Dariyar Baturiya

A tashar Tudun Wadan Zariya, Gwadabe na zaune kan ƙunshin kayansa, rai a ɓace, yana jiran motar Giwa, sai wani dattijo mai tabarau ya zauna kusa da shi.

"Baba, kana jin Turanci?"

"Shi nake koyarwa. Ezekiyel sunana."

"Mene ne 'hilarious'? Jiya na je gwajin wasan kwaikwayo na yaƙi da jahilci. Baturiyar da ke gwada mu ta yi ta dariya har da hawaye, ta jefe ni da kalmar nan, wai in dawo ran Litinin. In dawo a sake mai da ni mahaukaci? Gida zan koma."

"Tsaya tukuna. Ka tabbata ba 'ridiculous' ta ce ba?"

"Na tabbata. Amma ai duk dariya ce."

"Ina! In an ce 'ridiculous', kai ake yi wa dariya, an raina ka. 'Hilarious' kuwa, kai ka ba da dariyar, gwanintarka ta kayar da mutum."

"Baba, ba lallashina kake yi ba?"

"Yaro, ni na san ɗacin ta farkon. Ita wani Bature ya faɗa mini ran da na ce zan zama malami, lokacin ina sharar aji. Ko murmushi bai yi ba. Yau ni ke riƙe da makarantar."

Gwadabe ya miƙe zumbur, ya saɓa kayansa.

Ɗan kamasho ya ƙwalla kira, "Giwa, saura mutum ɗaya!"

"Nemi wani!" in ji Gwadabe. "Ni yanzu na shigo Zariya!"