Ranar da Farfesa Mai Ƙura Ya Gano Butarsa a Sama

Assalamu alaikum. Mai girma Shugaban Jami'a, Shugaban Tsangayar Kimiyya, iyayenmu malamai, Hajiya uwargidan marigayi da 'ya'yanta, ɗalibai, har da waɗanda ƙamshin abinci ya kawo, sannunku da zuwa.

An zaɓe ni in yi magana ne don ofis ɗaya muke da Farfesa Mai Ƙura, wato na fi kowa shan wahalarsa. Kuma Hajiya ta ba ni saƙo zuwa ga ɗalibarsa ta ƙarshe, wadda yake kira Auta. Ga ta can bakin ƙofa tana laɓe-laɓe. Auta ta ce ta bar karatu, ba ita ba sashenmu. Zauna, 'yata, ba inda za ki.

Farfesa ya kasance mai son abin da kowa ya ƙi. Masana sararin sama sun tsani ƙurar da ke tsakanin taurari, don tana tare musu gani. Shi kuwa ya ce, "Ku bar min ita, a cikinta ake haihuwar taurarin." Ya nuna yadda take sanyaya iska har ta dunƙule ta kama wuta, kuma yau mutanen da ko sunansa ba su iya faɗa ba suna aiki da lissafinsa.

Ya kasance mai haƙuri da sama, marar haƙuri da mu. Curin ƙura ɗaya ya sa wa ido tun kansa ba furfura. In ka ce, "Farfesa, ya aiki?" sai ya ce, "Mutuniyar na naƙuda." Yaushe za ta sauka? "Ai ta kusa, nan da shekara dubu ɗari." Amma makara taro ka sha faɗa!

Ya kasance mai kuskure, Auta, ki buɗe kunne. Wata shekara na'urar sauraron sama da ke kan rufinmu ta fara kama wata alama mai ƙarfi. Farfesa ya ce jaririn tauraro ne. Aka sayo lemo, aka yi hotuna, aka buga wa ƙasashen waje waya. Sai dai alamar nan da hantsi kawai take zuwa, kuma ba ta zuwa ranar hutu. Na ce, "Farfesa, wane irin tauraro ne wannan mai zuwa aiki kamar ma'aikacin gwamnati?" Ya daina gaishe ni. Daga baya da kansa ya gano: tsohuwar butar lantarkin da yake dafa shayi ce, wayarta ta lalace. Mun ɗauka zai ɓuya. Ina! Ya rungumi butar zuwa babban taron masana, ya dire ta kan tebur, ya ce, "Ga tauraron." Da suka gama dariya, ya koya musu yadda za su kauce wa irin wannan.

To, Auta ta yi kuskure a lissafi, mujallar masana ta dawo musu da aikinsu Farfesa yana kwance asibiti. Tun da ya rasu take cewa baƙin cikinta ne ya ƙarasa shi. Ga shi damar amfani da babban madubin hangen nesa da ya daɗe yana roƙo, an ba shi ita a wata mai zuwa. Ita kaɗai ta san aikin, in ba ta zo ba a ba wasu.

Ga saƙon Hajiya. Ta ce da aka gaya masa kuskuren naki, dariya ya yi har nas ta shigo tana faɗa, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, yarinyar ta fara aiki ke nan." Ta kuma ce in kika ƙi, ita za ta je ta zauna gaban na'urar ta yi ta danna duk abin da hannunta ya kai.

Auta, wallahi muna kewarsa. Kullum in na shiga ofis kujerarsa nake fara gani, kuma na gaji da ganinta ba kowa. Ki zo ki zauna a kai.

Ɗago kanki. Yawwa! Hajiya, kin gani? Ta gyaɗa kai. Ranka ya daɗe Shugaba, kai ne shaida.

Mun gode muku duka. Allah ya jiƙan Farfesa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hajiya da yara haƙuri, ya kuma dafa wa yarinyar nan da ya tafi yana alfahari da ita. Amin.